Wa ya shata iyaka tsakanin likita da mai tallar magani?

Malam Bashir: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. A yau idan aka ce likita kowa ya san wanda ake nufi, wato mutumin da ya yi dogon karatu, aka jarraba shi, aka rubuta sunansa a rajista. Idan kuma aka ce mai tallar magani, sai mu tuna da mai lasifika a tasha, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir da sanyi da shawara da ciwon baya. Abin da nake so mu tattauna shi ne, wannan iyaka ba daɗaɗɗiya ba ce, kuma a Ingila, inda tsarin da muka gada ya samo asali, an shata ta tun kafin likitoci su iya warkar da yawancin cututtukan da ke kashe mutane.

A shekarar 1518 Sarki Henry na 8 ya amince da kafa kwalejin likitoci ta Landan, aka ba ta ikon ba da lasisi a cikin birnin da mil 7 a kewayensa. Masu fiɗa kuwa ƙungiya ɗaya suke da wanzamai daga 1540 har zuwa 1745, sannan masu haɗa magani suka sami tasu ƙungiyar a 1617. To amma da me babban likita mai digiri yake magani a lokacin? Da fitar da jini, da sa amai, da sa gudawa, da ba da magunguna masu zaiba har haƙoran mutum su riƙa girgiza. A watan Disamba na 1799, lokacin da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kamu da ciwon maƙogwaro, an ɗebe masa jini fiye da lita 2 cikin yini guda, kuma bai kwana ba. Haka nan a cikin masu sayar da maganin asiri akwai likitoci na gaske. Robert James likita ne mai cikakkiyar shaida, amma garin maganin zazzaɓinsa, wanda ya yi wa rajista a 1747, an gina shi ne a kan sinadarin antimoni mai guba, aka yi ta cinikinsa shekara da shekaru. Shi kuwa Joshua Ward, wanda bai yi karatun likita ba, Sarki George na 2 da kansa ya ɗaure masa gindi. Saboda haka tambayata ita ce: da likitoci suka tashi yaƙar masu tallar magani, lafiyar jama'a suke karewa ko kasuwarsu?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, domin duk wanda ya karanta tarihin sana'armu ya san cewa likitan 1800 ya fi kusa da cutarwa a kan warkarwa a cututtuka da yawa. Inda na saɓa da kai shi ne wurin da ka nemi bambancin. Ba a cikin kwalba bambancin yake ba, yana cikin abin da kowanne ɓangare yake yi da kuskurensa.

Ka duba yadda fitar da jini ya mutu. Ba masu talla ne suka kashe shi ba. Wani likita ne a Faris mai suna Pierre Louis ya zauna ya ƙirga masu ciwon huhu da aka fitar wa jini da wuri da waɗanda aka jinkirta musu, ya buga sakamakon a 1835, aka ga cewa gaggawar fitar da jinin ba ta ceci rayuka ba. Ya buga lissafinsa a fili, wanda duk yake shakka yana iya maimaitawa. Kafin shi, a 1785, William Withering ya ji labarin wani haɗin gargajiya da ake ba masu kumburin jiki, ya binciko ganyen da ke aiki a cikinsa, ya shafe shekaru yana auna adadin da ke amfani da wanda ke kisa, sannan ya wallafa har da marasa lafiyar da bai yi nasara a kansu ba. Har yanzu akwai maganin zuciya da ake samu daga dangin wannan tsiro. Mai maganin asiri ba zai taɓa iya yin haka ba, domin ranar da ya bayyana haɗinsa ranar kasuwarsa ta mutu, kuma ranar da ya ƙirga waɗanda suka mutu ranar tallarsa ta ƙare. Wasiƙun yabo kawai yake bugawa, matattu kuwa ba sa rubuta wasiƙa. Sana'ar da take rubuta kuskurenta tana iya gyaruwa ko da a hankali ne, ita kuwa wadda ta ginu a kan ɓoyewa tana nan yadda take bayan shekara ɗari.

Alhaji Mudi: 'Yata Likita, maganarki tana da nauyi, amma ni ɗan kasuwa ne, kuma akwai wanda ku biyun kuka bari a waje, wato mai saye. Ina so ku tambayi kanku nawa ne kuɗin ganin babban likita a Landan a wancan zamani. Gini ɗaya ne a al'ada, wato sule 21, alhali leburan gona ba ya samun haka a mako guda. Kwalin ƙwaya kuwa sule ɗaya da 'yan kwabbai ne, yana nan a kantin unguwa, ba a tambayar ka daga wane gida ka fito, kuma idan ciwon na kunya ne irin tunjere ba sai ka tuɓe wa kowa ba. Mutumin da ya sayi ƙwayar ba wawa ba ne, abin da hannunsa ya kai ne ya kama.

Akwai kuma wata shari'a da ta nuna inda zuciyar manyan likitocin take. Kwalejinsu ta kai ƙarar wani mai haɗa magani, William Rose, saboda ya duba mara lafiya ya ba shi magani ba tare da umarnin likita ba. Da maganar ta kai Majalisar Dattawan Ingila a 1704, sai aka ba Rose gaskiya, kuma daga zuriyar waɗannan masu kantin magani ne likitan unguwa na Ingila ya fito. Da an bi son ran kwalejin, da talakan Landan ba shi da mai duba shi ko kaɗan. Ni ba na kare maƙaryaci, amma idan aka kori mai talla ba a kawo wanda zai maye gurbinsa da farashin da talaka zai iya ba, ba a yi wa talaka komai ba.

Hajiya Rabi: Baba Alhaji, gaskiya ne abin da hannun talaka ya kai ya kama, amma a matsayina na mai harhaɗa magunguna ina so mu buɗe kwalin mu ga abin da aka miƙa masa. Kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya komai sai cin kuɗi, akwai kuma wanda yake aiki ƙwarai, shi ne ma ya fi haɗari.

A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta sa aka auna shahararrun magungunan kasuwa a ɗakin gwaji ta buga sakamakon. Ƙwayar Beecham, wadda ake yi wa kirari da cewa kwalinta ya cancanci gini guda, an tarar tsiron alo ne mai sa gudawa da citta da sabulu. Ana sayar da kwalin sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, kayan haɗin kuwa ba su kai kwabo ɗaya ba. Ragowar kuɗin talla ce ta ci mafi yawansa. Thomas Holloway ya tara dukiya da ƙwaya da man shafawa har ya gina kwalejin mata wadda Sarauniya Victoria ta buɗe a 1886, kuma sirrin arzikinsa ba a cikin man yake ba, yana cikin shafukan jaridun da ya saya.

Kashi na biyu shi ne ya fi ci mini rai. A garuruwan masaƙu na Ingila, uwar da za ta fita aiki tun asuba takan ɗura wa jaririnta wani ruwan zaƙi mai suna Godfrey's Cordial, wanda ofiyom, wani sinadari mai sa maye da barci, ne a cikinsa. A Amurka akwai na Mrs. Winslow, wanda aka fara sayarwa a 1849 don yara masu fitar haƙori, shi kuma morfin ne. Yaro zai yi shiru, uwa ta yi godiya ta gaya wa maƙwabciya, amma yaron da aka sa wa maye ba ya neman nono, sai ya rame, wani kuma ya yi barcin da ba ya tashi. Uwar ba ta san abin da ta ba ɗanta ba, domin babu dokar da ta tilasta a rubuta a jikin kwalbar. Ko dokar guba ta 1868, wadda ta taƙaita sayar da ofiyom a Ingila, ta tsame waɗannan magungunan kasuwa daga cikin hukuncinta.

Hukuma ma tana da hannu. Tun 1783 gwamnatin Ingila take karɓar haraji a kan irin waɗannan magunguna, ana manna takarda mai hatimin gwamnati a kan kowane kwali. Mai saye da ya ga hatimin sai ya ɗauka gwamnati ta gwada maganin ta amince da shi, alhali shaidar biyan haraji ce kawai. A Amurka kuwa masu maganin sukan sa sharaɗi a yarjejeniyar tallar da suke ƙullawa da jaridu cewa idan jihar ta kafa dokar da ta taƙaita cinikinsu, yarjejeniyar ta warware. Da haka mai jarida ya zama shi ne mai yaƙi da dokar tun kafin a kawo ta majalisa. Sai a 1905 mujallar Collier's ta fallasa wannan, tare da jerin rahotannin Samuel Hopkins Adams, sannan a 1906 aka yi dokar da ta tilasta bayyana barasa da ofiyom da morfin da hodar ibilis a jikin kwalba.

Aminu: Malam Bashir, ina da tambaya a matsayina na ɗalibi. Shin Turawa ne suka fara tunanin jarraba likita kafin a bar shi ya taɓa mutane, ko kuwa akwai wanda ya riga su?

Malam Tijjani: Bari in tari numfashin Malam Bashir in ba ka amsa, Aminu. An riga su da ƙarnoni. A shekarar 931 Miladiyya labari ya kai wa Halifa al-Muktadir a Bagadaza cewa wani mara lafiya ya mutu saboda kuskuren mai magani. Sai ya ba da umarni kada kowa ya ƙara yin magani sai babban likita Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi ya rubuta masa iyakar abin da aka yarje masa, kuma masu tarihi sun ambaci cewa waɗanda aka jarraba sun haura 800. Littattafan hisba na bayan haka sun ɗora wa muhtasibi, wato jami'in hisba, sa ido a kan masu magani, da masu ƙaho, da masu ɗori, da masu sayar da haɗe-haɗe don kada su yi algus. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu kusan 925, ya yi bayanin dabarun 'yan damfarar zamaninsa, irin wanda zai ɓoye tsutsa a hannu ya nuna wa mutum cewa daga kunnensa ko haƙorinsa ya ciro ta.

Tushen wannan yana cikin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to shi ne mai lamuni. Ku lura da abin da aka rataya hukuncin a kai: a san mutum da sanin, kuma ya ɗauki alhakin ɓarnar da ya yi. Ba a ce sai ɗan gidan wane ba. Ina ganin wannan ma'auni ya fi na kwalejin Landan adalci, domin yana kama mai talla maƙaryaci, yana kuma kama mai digirin da ya shiga abin da bai iya ba.

Malam Bashir: Allah ya saka da alheri, Malam Tijjani. Wannan batu na lamuni shi ne ya kawo ni ga dokar 1858, wadda ita ce ta haifi likita irin wanda muka sani. Ta kafa majalisar kula da likitoci, ta buɗe rajista ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ta kuma ba da ikon goge sunan wanda ya ci amanar aikin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ba ta hana marar rajista yin magani ba. Laifi shi ne ya yi ƙaryar cewa yana da rajista. Amma mai rajista kaɗai ke riƙe muƙamin gwamnati, shi kaɗai ke sa hannu a takardun hukuma, shi kaɗai ke iya kai ƙara a biya shi kuɗin aikinsa. Ku lura da shekarar: 1858, wato shekara 9 kafin Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa, shekara 24 kafin Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka. An ba su matsayin tukuna, ilimin da ya halatta matsayin ya biyo baya.

Kuma Dakta, ƙofar da aka rufe ba 'yan damfara kaɗai ta tsare a waje ba. Elizabeth Garrett Anderson ta ci jarrabawar ƙungiyar masu haɗa magani a 1865, nan da nan ƙungiyar ta sauya ƙa'idojinta don kada wata mace ta sake bin wannan hanya. A Amurka, Abraham Flexner ya zagaya makarantun likita 155 ya fitar da rahotonsa a 1910. Gaskiya ne da yawansu shaguna ne na sayar da takardar shaida, ba ɗakin gwaji ba asibitin koyarwa, kuma rufe su alheri ne. Amma cikin makarantu 7 da ke horar da baƙaƙen fata, Howard da Meharry ne kaɗai suka tsira. Abin ya taɓa mu ma kai tsaye. Africanus Horton, ɗan Saliyo, ya kammala karatun likita a Edinburgh tun 1859, amma da Turawan mulkin mallaka suka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma a 1902, sai suka keɓe shi ga 'yan asalin Turai kaɗai. Wannan ba kare mara lafiya ba ne, kare kujera ne.

Dakta Hadiza: Na yarda da kai a kan wannan, Malam, kuma a matsayina na mace baƙar fata ba ni da dalilin wanke waɗanda suka rufe waccan ƙofa. Zan ma ƙara maka da Ignaz Semmelweis, wanda ya nuna a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1847 cewa idan likitoci suka wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa mace-macen jego suna raguwa ƙwarai, amma manyan abokan aikinsa da yawa suka yi watsi da shi. Girman kai da son kujera sun kashe mata a hannun masu digiri.

Duk da haka ina roƙon ka duba abu ɗaya. Rajistar da aka kafa da gaurayayyar niyya ita ce ta zama hanyar da sabon ilimi ya bi ya isa ga kowane likita, domin majalisar da ke riƙe da rajista ita ke faɗin abin da za a koyar da abin da za a jarraba. Da aka tabbatar da ƙwayoyin cuta, cikin tsara ɗaya ilimin ya shiga manhaja, wanda bai koya ba kuwa bai sami shiga ba. James Morison, wanda ya kafa abin da ya kira kwalejin lafiya a Landan a 1828, yana koyar da cewa duk cuta daga gurɓatar jini take kuma ƙwayarsa mai sa gudawa ita ce maganin kome. An sami wakilansa da laifin kisa ba da niyya ba a shekarun 1830, amma ba a daina sayar da ƙwayar ba. Babu wata hanya da sabon sani zai bi ya shiga irin wannan gida.

Alhaji Mudi: To 'yata, idan haka ne kada mu yi kamar kasuwa tana waje ɗaya, asibiti yana waje ɗaya. Kamfanin Bayer ne ya fitar da hiroyin, wanda a yau aka sani da mugun kayan maye, a 1898 a matsayin maganin tari, likitoci masu rajista ne kuma suka riƙa rubuta shi. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, ƙungiyar da ta fi kowa zagin masu talla, ta yi shekara kusan 20 tana buga tallar taba sigari, ba ta daina ba sai 1953. Ciniki bai fita daga harkar magani ba, ya dai bar bakin titi ya koma ofis. Ni abin da na fahimta daga wannan muhawara shi ne, ba a amince wa mutum don rigarsa, sai don akwai wanda zai duba aikinsa ya hukunta shi.

Hajiya Rabi: A nan na tsaya tare da kai, Baba Alhaji, kuma shi ya sa nake ganin rajistar likita rabin aikin ce kawai, ɗaya rabin shi ne dokar da ke kan maganin kansa. Dokar Amurka ta 1906 ba ta ce a gwada magani kafin a sayar ba. A 1937 wani kamfanin magunguna a jihar Tenesi ya narkar da sabon maganin sulfa a cikin sinadarin dayetilin gilaikol, wanda ke lalata ƙoda, ya sa masa ɗanɗano mai daɗi ya rarraba ba tare da gwada gubarsa ba. Mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, kuma mafi yawa likitoci ne suka rubuta musu shi. Wannan ne ya sa a 1938 aka wajabta nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin ya shiga kasuwa. Sharaɗin a nuna cewa yana warkarwa kuwa sai a 1962 ya zo, bayan maganin talidomaid ya sa an haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa a Turai da wasu ƙasashe.

Wannan sinadari na 1937 shi ne ya kashe yara fiye da 100 a Najeriya a 1990 ta cikin ruwan farasitamol, shekara 3 kafin a kafa hukumar NAFDAC. Shi ne kuma aka samu a maganin haƙorin yara na My Pikin a 2008, inda yara aƙalla 84 suka rasu, sannan ya sake bayyana a magungunan tari da suka kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka saya a hannun mai lasifika a tasha. Kwalabe ne masu kyau, daga kemis ko asibiti.

Dakta Hadiza: Hajiya, ni kaina idan na rubuta wa yaro ruwan magani ba ni da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar, na dogara ne da wanda ya gwada ta kafin ta iso. Amma zan koma ga maganar Baba Alhaji ta farko, domin har yanzu ba mu amsa masa ba. A ƙauyuka da yawa na Arewa mai kemis ne farkon wanda uwa ke kai wa yaro mai zazzaɓi, sau da yawa shi ne na ƙarshe, saboda asibiti yana da nisa kuma likita ɗaya ne ga dubban mutane. Ingila ta shigar da masu kantin maganinta cikin tsari ta hanyar dokar 1815, wadda ta wajabta musu koyon aiki na shekara 5 da jarrabawa. Ina so mu buɗe wata tattaunawa ta daban a kan abin da ya kamata a koya wa mai kemis na ƙauye, da iyakar da za a sa masa, da alamomin da idan ya gani a jikin yaro dole ya tura shi asibiti a ranar. Hajiya Rabi, ke kika fi mu sanin sharuɗɗan lasisinsu, don haka ina neman ki fara kawo mana jerin magungunan da doka ta yarje musu su sayar.